Masu rushe zaurukan Jalingo, da me za ku kafa shaida gobe?

Jama'a, akwai maganar da muka gaji da ji a bakin dillalan gidaje da wasu magada: wai ginin ƙasa alamar talauci ne, wai wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Da wannan magana ake sauke tsofaffin zauruka a unguwanninmu ɗaya bayan ɗaya. Yau a yi sadakar arba'in ta mai gida, gobe dillali ya zo da igiyar awo, jibi sai ka tarar da jerin shaguna masu ƙofar ƙarfe a inda aka yi shekaru ana karatun allo. Mu dai ba mu yarda wannan ci gaba ba ne.

Jalingo ba jiya aka kafa ta ba. Mutane da yawa suna ƙirga shekarunta daga 27 ga Agusta 1991, ranar da aka cire Jihar Taraba daga tsohuwar Gongola. Amma tun 1893 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa sansaninsa a nan, shekara guda bayan yaƙin Kona, wanda Bafaranshen nan Mizon ya taimaka masa da igwa. Sarki Muhammadu Mafindi kuwa shekara 50 ya yi yana mulki, daga 1903 zuwa 1953. A wannan tsawon zamani fatake da malamai da maƙera da mahauta da madinka Hausawa suka yi ta sauka, suka yi gidaje, suka aurar, suka binne iyayensu. Wannan zama ba a rubuta shi a takarda ba, a jikin bango yake: zauren da ake saukar baƙi, masallacin ƙofar gida, rijiyar tsakar gida, azarar da ta riƙe rufi tun kafin a haifi mai shirin sayar da ita.

Kowa a unguwar nan ya san abin da yaro yake fuskanta in ya je neman takardar shaidar ɗan ƙasa, ko gurbin karatu, ko aikin gwamnati. Tambayar farko ita ce: daga ina kuka zo? To ranar da aka ce mana baƙi ne, me za mu nuna? Shagon sayar da katin waya? Wanda ya rushe zauren kakansa ya yaga shaidar jikokinsa da hannunsa, kuma kuɗin da ya karɓa ba zai kai baɗi ba.

Za su ce gado haƙƙin magada ne, marayu suna bukatar kuɗi. Gaskiya ne, ba mu ce a hana kowa rabonsa ba. Amma wace aya ce ta ce rabon gado sai da katafila? Ana iya yi wa gida kuɗi, ɗaya daga cikin magada ya biya sauran. Ana iya fitar da shago biyu ta gefen titi a bar zaure. Ana iya yin wakafi da shi ya ci gaba da zama makarantar allo, lada tana gudana ga mamaci. Za su kuma ce ruwan Jalingo ba ya barin ginin ƙasa. Ashe a zamanin Mafindi ba a yin damina? Yaɓe ake yi kafin ruwa ya sauka, a gyara indararo, a yi gayya. Sakaci ke kayar da bango, sai a ɗora wa ruwa laifi.

Ku dubi garuruwan da muke tinƙaho da su. Katsina na riƙe da hasumiyar Gobarau, Kano ta mai da Gidan Makama gidan tarihi, Zariya na nuna aikin Babban Gwani a masallacin Juma'a. Duk ƙasa ce da azara. Kanon ma da ta yi sake aka rushe Ƙofar Na'isa a 2010 don faɗaɗa hanya, wadda aka sake ginawa ba ta maye gurbin ta asali ba. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ga abin da muke nema. Masu unguwa da limamai su zauna su lissafa duk gida da masallaci da rijiyar da suka haura shekara 70. Matasanmu masu wayar hannu su ɗauki hotunansu, su naɗi muryar dattawa kan wanda ya gina da sana'arsa da garin da ya fito. A kai kwafi fadar Mai Martaba Sarkin Muri, a kai sashen tarihi na Jami'ar Jihar Taraba. Kuma kada a sa hannun shaida a cinikin irin wannan gida sai an sanar da mai unguwa. In maƙwabtanmu Jukunawan Kona suka tashi kare nasu wuraren tarihi, mu mara musu baya, domin wanda yake son a mutunta tarihinsa dole ya mutunta na wanda ya tarar.

Dattawan da suka san waɗannan gidaje kullum raguwa suke yi, ba a fafe gora ranar tafiya. A fara lissafin kafin damina mai zuwa. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.