Kafin Ka Tambayi Waya, Tambayi Kanka

 

Hutun da ya wuce mun je gida Kurgu, can ƙasar Bagudo, kusa da iyakarmu da Jamhuriyar Benin. Wani ƙanenmu ɗan aji biyu na babbar sakandare ya kawo mana aikin hutu da malamin Hausa ya ba su, wato insha'i a kan "Garinmu". Shafi biyu cif, jimloli tsaf, har muka fara yi masa kirari. Sai muka rufe littafin muka ce, "To, faɗa mana abu uku daga cikin abin da ka rubuta." Ya sosa ƙeya ya ce, "Yaya, bari in duba tukuna." Da muka sake karantawa a tsanake, sai ga wata jimla tana cewa mutanen garinmu sun shahara da noman koko. Koko fa! Mu dai kokon da muka sani shi ne wanda ake sha da ƙosai. Yaron da ya tashi yana korar tsuntsaye a gonar shinkafa, ya san lokacin cikar kogin Kwara da lokacin janyewarsa, shi ne ya kwafi wannan da hannunsa bai ankara ba. Ashe waya ya ara, ya tambayi wata manhajar ƙirƙirarriyar basira, wadda ake kira AI, ta rubuta masa komai.

Ba mu yi masa faɗa ba, domin mu ma ba mu tsira ba. A jami'a, da zarar an ba da aiki, hannu ya riga kai isa aljihu. Abin kuwa bai daɗe da shigo mana ba. A ranar 30 ga Nuwamba 2022 kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT. A watan Afrilu 2024 kamfanin Meta ya sanya tasa manhajar cikin WhatsApp a wasu ƙasashe, har da Nijeriya. Yanzu duk mai waya da ɗan data yana da mai amsa tambaya dare da rana, ba ya gajiya, ba ya tsawa. Tambayarmu ta wannan mako ita ce: idan kullum ita ce ke yin tunanin, me zai faru da namu kan?

Mu fara da yadda take aiki. An ciyar da ita rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa daga intanet da littattafai, ta koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata. Idan ka tambaye ta, jera kalmomi take yi bisa wannan ƙiyasi. Mafi yawan abin da ta karanta da Turanci ne, kuma a kan wasu ƙasashe ne. Na Hausa kaɗan ne, balle Dandanci ko Kyanganci ko Busanci da ake ji a yankinmu. Inda ba ta da labari, sau da yawa ba ta yin shiru, sai ta cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, cikin lafazi mai daɗi. Haka koko ya tsiro a garinmu. Manya ma sun faɗa wannan rami. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da shari'o'in da ba a taɓa yi ba, waɗanda manhajar ta ƙirƙiro musu, su kuma ba su bincika ba.

Amma ko da amsar daidai ce, akwai wata asarar da ba a gani nan take. Masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania sun yi gwaji da ɗaliban sakandare kusan 1,000 a ƙasar Turkiyya, a darasin lissafi, suka fitar da sakamakon a 2024. Sun kasa su uku. Kashi na farko littafi kawai aka ba su. Na biyu aka ba su manhaja mai ba da amsa kai tsaye. Na uku aka ba su wadda aka tsara ta riƙa nuna hanya, ba ta faɗin amsa. Lokacin bita, masu manhajar amsa sun fi masu littafi da kashi 48 cikin ɗari. Da aka karɓe na'urorin aka yi jarabawa, sai labari ya sha bamban: suka koma ƙasa da masu littafi da kashi 17 cikin ɗari. Su kuwa 'yan kashi na uku ba su yi irin wannan faɗuwa ba. Ku lura da kyau. Waɗanda aka riƙa miƙa wa amsa sun ga aikinsu yana kyau, alhali ba kansu ne ke yin aikin ba.

A 2025 kuma wasu masana a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka sun sa mutum 54 rubuta insha'i, an ɗora musu na'urar auna aikin ƙwaƙwalwa a ka. Wasu da ChatGPT suka rubuta, wasu da binciken Google, wasu da kansu kawai. Ƙwaƙwalwar masu rubutu da kansu ce ta fi aiki, ta masu manhaja ta fi kwanciya. A zaman farko, 15 daga cikin 18 na masu manhaja sun kasa kawo jimla ɗaya daidai daga abin da suka gama rubutawa. Ƙaramin gwaji ne, kuma masu shi ma sun ce a ƙara bincike. Amma da muka karanta shi, ƙanenmu muka tuna yana sosa ƙeya.

Mu 'yan bakin iyaka ba sai an kai mu Amurka za mu gane wannan ba. Ku tuna kasuwannin da ake ciniki da naira da sefa a wuri ɗaya, wajejen Lolo da Tsamiya. A ƙidayar sefa da Hausa, dala ɗaya sefa 5 ce, dala ashirin sefa 100. Mai sayar da kifi da ba ta taɓa zama a aji ba za ta ji farashi da dala, ta mayar da shi sefa, ta juya shi naira bisa canjin ranar, ta ba ka canjinka kafin ka gama buɗe kalkuleta. Ba da wannan aka haife ta ba. Kullum take yi, ta yi kuskure, ta yi asara, ta gyara, har lissafin ya zauna. Wanda kullum aka ƙetarar da shi kogi a kwale-kwale zai isa tsallake lafiya, amma ko shekara goma ya yi a haka ba zai iya tuƙi ba.

Ku tuna makarantar allo ma. Malam ba ya cewa a wanke allo don kawai an rubuta shi da kyau. Sai ka maimaita, ka kife allon, ka kawo hadda da ka, an gyara maka inda ka yi tuntuɓe. Wannan ɗan wahalar ta lalubo abu daga cikin kai ita ce ke dasa shi. Ita ce kuma abin da waya ke ɗauke mana idan muka miƙa mata aikin gaba ɗaya. Ranar WAEC ko NECO ko JAMB, waya ba ta shiga ɗakin jarabawa, daga kai sai abin da ke kanka. Zanen aro ba ya rufe katara.

Kada wani ya ce Yaya ya hana mu amfani da fasaha. A'a. A 2024 an yi wani shiri a birnin Benin na jihar Edo, ba ƙasar Benin maƙwabciyarmu ba, tare da Bankin Duniya. Ɗaliban aji ɗaya na babbar sakandare sun yi mako shida suna koyon Turanci da irin wannan manhaja bayan an tashi makaranta, malamai suna tsaye a kansu, suna sa su tattauna da gano kurakuranta. Waɗanda suka shiga shirin sun fi waɗanda ba su shiga ba cin jarabawa. Ga mu da littattafai suka yi wa ƙaranci, wannan babbar dama ce. Bambancin yana wajen wanda ke yin tunanin: kai ne, ko ita?

Ga abin da muka fara gwadawa, mu da ƙanenmu. Idan an ba da aiki, a ajiye waya minti goma sha biyar, a rubuta duk abin da aka sani, ko da layi huɗu ne masu karkata. Bayan nan a buɗe ta, amma a sauya irin tambayar. Maimakon "rubuta min", a ce "ga abin da na rubuta, ina kuskurena?" ko "kada ki faɗi amsa, nuna min matakin farko". Duk suna ko shekara ko adadi da ta kawo, a duba shi a littafin karatu ko a tambayi malam kafin a kwafa. Daga ƙarshe a kife wayar kamar allo, a bayyana wa aboki darasin da baki. Idan an kasa, ba a koya ba tukuna, sai a koma.

Ƙanen namu ya sake insha'insa. Muka tura shi wajen kakanmu da littafi da biro. Ya dawo da labarin fataken da ke ƙetare Kwara a yankin Illo kan hanyarsu ta zuwa Gwanja sayo goro, da yadda dangi ɗaya suka wayi gari wasu a hannun Ingila wasu a hannun Faransa. Da ya duba littafin tarihi, ya ga yarjejeniyar 1898 ce ta raba ƙasar Bargu, Nikki ta faɗa wa Faransa, Illo da Busa suka faɗa wa Ingila. Rubutun bai kai na farko santsi ba, akwai gogewa har wuri biyar. Amma da muka rufe littafin, sai da muka ce masa ya isa haka kafin ya yi shiru.

Aikinku na wannan mako: ku sami dattijo ko dattijuwa a unguwarku, ku tambayi asalin sunan garinku da sana'ar da aka san shi da ita a da. Ku rubuta shafi ɗaya da hannunku. Sannan mai waya ya yi wa manhajar tambaya iri ɗaya, ku kwatanta amsoshin a aji. Ku aiko mana da abin da kuka gano, za mu buga waɗanda suka fi armashi.

Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Allah ya ba da sa'ar karatu, amin.