Kada Tarihin Tasha Ya Tafi Da Tsofaffi

'Yan'uwa manoma, mun lura da wani abu a yawon da muke yi cikin ƙungiyoyin gama kai na Ikara, Makarfi da Kudan. Yaranmu suna ƙetare layin dogo kullum, amma ba su san abin da ya kawo mana ba.

A 1911 ne layin ya kai Kano daga Zariya, ya bi ta Likoro da Gimi. Daga nan gyaɗa da auduga suka zama kuɗi. Kakanninmu suna kai kaya tasha a kan jakuna, a ɗora a sikeli, su biya haraji da abin da suka samu. A Gimi kuma aka zaunar da Isawan da suka karɓi bishara a zamanin Dokta Mila, kafin ciwon barci ya watsa su. Wannan tarihin ikilisiya ne, ba na reluwe kaɗai ba.

Waɗansu za su ce taki muke nema, ba tsohon ƙarfe ba. Gaskiya ne. Amma wanda ya san yadda aka danne wa kakansa sikeli, shi zai gane dalilin da ya sa muke sayar da amfani tare. Ƙaramin layin Zariya zuwa Jos an rufe shi a 1957. Ba don an adana kawunan jirginsa a gidan tarihi na Jos ba, da yau sai labari. Tun 2021 aka fara aikin sabon layi daga Kano zuwa Kaduna. Wa zai tuna da tsofaffin tashoshinmu?

Ga shawararmu. Kowace ƙungiya ta ware kusurwa ɗaya a sito. A tara tsohon sikeli, takardar haraji, tikitin jirgi da injin mazarƙwaila, kafin masu sayen ƙarfe su kwashe. Kayan reluwe na hukuma ne, kada a taɓa. A sa matasa biyu su zauna da dattawa, Kirista da Musulmi, su rubuta abin da suka gani, bana, kafin shuka.

Joshuwa ya kafa duwatsu 12 domin yara su yi tambaya, iyaye su ba da amsa. Mu ma mu kafa namu. Allah ya ba mu iko.