Sabuwar kyamara a gonakin riɗin Fashaga

Masu tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu da na sauya kyamara, amsata ita ce ta biya. Na ajiye tsohuwata, na karɓi Nikon D7500, irin mai madubi a ciki da ake kira DSLR. Tun 2017 take kasuwa, amma a hannuna sabuwa ce fil, kuma a gonakin gabas da garin Shuwak, a yankin Fashaga, na fara gwada ta, ana tsakiyar kakar riɗi.

Abin da ya fara burge ni shi ne yadda take gani a ƙarancin haske. Masu yankan riɗi da asuba suke shiga gona, kafin rana ta yi zafi kwanso ya fara fashewa. A da, duk hoton da na ɗauka a wannan lokaci dishi-dishi yake fita. Yanzu ina ƙara mata ƙarfin ISO, wanda yake kaiwa 51,200 ko da yake ban je kusa da nan ba, sai ga lauje, ga raɓa a ƙafar wando, ga fuskar mutum tsaf. Tana kuma ɗaukar hoto 8 a daƙiƙa guda. Na ga amfanin wannan wajen kaɗe riɗi: a ɗauko busasshen dami, a juya kansa ƙasa bisa tamfol, a buga da sanda. A hotunan ana ganin ƙwayoyin suna zuba ɗaya-ɗaya, da ƙurar da ta maƙale a gashin idon mai kaɗewa. Na daɗe ina kallonsu.

Batirinta, a lissafin kamfanin, yana yin hoto wajen 950, domin ta madubi ake leƙawa, ba sai allo ya kunnu ba. Wanda ya san halin wutar lantarki a ƙauyukanmu ya san darajar wannan. An kuma toshe gaɓoɓinta saboda ƙura da yayyafi, duk da haka ba na cire gilashin gaba a fili idan iska na kaɗawa.

To, me za a ɗauka da ita? Nan ne abin yake ci mini tuwo a ƙwarya. Duniya ta san Fashaga ne ta hotunan baƙi: 'yan gudun hijirar Tigray da suka tsallako a Nuwamban 2020, sai sojoji da motocinsu bayan rikicin iyaka da Habasha ya sake tashi a ƙarshen shekarar. Duk gaskiya ne. Amma ƙasar nan da kogunan Setit da Atbara da Basalam suka ratsa ta fi haka. Akwai baƙar lakar da ke darewa da rani har ƙafa ta shige, akwai dawa da riɗin da ke cika kasuwar amfanin gona ta Gadarif, akwai mu Hausawa da kakanninmu suka biyo hanyar Makka suka yada zango. Wa yake ɗaukar waɗannan?

Da aka kammala madatsar ruwan Atbara da Setit a 2017, ƙauyuka da dama sun koma sababbin matsugunai, tsofaffin suna ƙarƙashin ruwa. Tambayi dattijo ya nuna maka hoton tsohon masallacinsu ko mashayar garinsu, ka ga yadda zai yi shiru. Mai ɗaukar hoto Rashid Mahdi ya shafe shekaru yana ɗaukar mutanen birnin Atbara a ɗakin hotonsa, shi ya sa har yau ake ganin fuskokin ma'aikatan jirgin ƙasa na zamaninsa. Mu ma muna bukatar irinsa a nan.

Sai dai babbar kyamara tana jan ido, balle a bakin iyaka, balle tun da yaƙi ya ɓarke a ƙasarmu a Afrilun 2023. Ina neman izinin hukuma da na mai gona kafin in ɗaga ta, ba na kuma ɗaukar mace ko ɗan ƙwadago sai ya yarda. Wani tsoho ya ce mini, “Ɗana, bari in gyara rawanina tukuna.” Na jira shi.

Matasanmu masu sha'awa kada su ce sai sabuwa. Kamfanoni sun karkata ga marasa madubi, Nikon ma tun 2020 bai sake fitar da sabuwar DSLR ba, don haka na hannu sun yi sauƙi. Samari uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi guda, su riƙa rubuta sunan gari da kwanan wata a kan kowane hoto, su kuma wanke wasu a takarda su kai wa masu su.