Sharhi: A Auna Iskar da Gamawa Ke Shaƙa

Sharhinmu na yau a kan iskar da muke shaƙa ne.

Daga Nuwamba zuwa Maris, mutumin Gamawa, Udubo ko Gololo ba ya bukatar a ba shi labarin hunturu. Hazo kan rufe rana, tari da mura su cika gidaje, masu asma su kwana a zaune. Galibin wannan ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, busasshen gindin wani tsohon tafki da masana ke cewa babu inda ya kai shi tayar da ƙura a duniya. Ga kuma hayaƙin itacen girki, da na janareta, da na ƙona daji.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gurɓatacciyar iska na hallaka kusan mutum miliyan 7 a kowace shekara. A 2021 ta gindaya iyaka ga ƙananan ƙwayoyin ƙura masu ratsa huhu: kada su wuce maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska a yini. To amma ido ba ya gane an haura wannan iyaka, sai na'ura.

Tarihin iskar ozon ya ishe mu darasi. Can sama, ita ce ke tare mana zafafan haskokin rana masu cutarwa. A nan ƙasa kuwa, inda hayaƙi ke haɗuwa da zafin rana ya haifar da ita, tana ƙona huhu, tana rage amfanin gona. A 1985 masana daga Ingila suka gano ta zaizaye a saman Antatika, saboda tun shekarun 1950 suke aunawa a tashar Halley ba fashi. Bayan shekara biyu duniya ta sanya hannu kan yarjejeniyar Montreal, aka fara janye sinadaran da ke cinye ta. Haka ma a tashar Barrow, can ƙuryar arewacin Alaska, tun 1973 ake auna iska. Ko a maƙwabta, ƙauyen Banizumbu na Nijar yana da tashar da ke auna ƙura. Ashe nisan gari ba hujja ba ce.

Don haka muna kira ga gwamnatin Jihar Bauchi da hukumar hasashen yanayi ta NiMet da su kafa na'urorin auna iska masu aiki da hasken rana a Gamawa da Azare. Jami'ar Kimiyyar Lafiya ta Tarayya da ke Azare da Jami'ar Sa'adu Zungur ta Gadau su riƙe alƙaluman, su gwada su da yawan marasa lafiyar da ke zuwa asibiti. Sannan a riƙa karanta sakamakon a rediyo kowace safiya, domin uwa ta san ranar da za ta tsare jaririnta a ɗaki, dattijo ya san ranar da zai sanya takunkumi.

Rigakafi ya fi magani, kuma rigakafin wannan cuta daga awo yake farawa. Allah Ya ba shugabanninmu ikon aiwatarwa.