Kafin A Miƙa Man Shafawa

Duk wanda ya taɓa riƙe alli ya san aikin safiyar Litinin, watau a jera yara a fili, a duba farce, a duba haƙora, a duba kai. A wajen wannan dubawa ne, a zangon karatun da ya wuce, muka tarar da wani yaro ɗan aji huɗu wanda makero ya cinye masa kusan rabin kai, ya kuma gangaro bayan kunne har wuya. Da muka aika aka kira mahaifiyarsa, sai ta kwance bakin zanenta ta nuna mana kwalaye uku na man shafawa waɗanda ta saya a wani kantin magani a unguwa. Ta ce, "Malam, in na shafa sai ya kwanta, in na bari sai ya taso ya fi na da." Baiwar Allah ba ta yi sakaci ba, kuɗinta ta kashe, kuma abin da aka miƙo mata shi ta shafa.

To, wane ne ya miƙo mata? In mun faɗi gaskiya, ɗanmu ne. Yawancin samari da 'yan matan da ke tsaye bayan kanta a kantunan magani na Nima da Maamobi da Newtown ta hannunmu suka bi. Waɗansu sun yi kwas na mataimakan kanti wanda hukumar Pharmacy Council ta amince da shi, kaɗan daga ciki sun tafi Kumasi Technical University sun karanci aikin ba da magani, waɗansu kuwa a wurin maigida kurum suka koya. Dokar harhaɗa magunguna ta 1994, da wadda ta maye gurbinta a 2013, sun bambanta babban famasi da ƙaramin kantin da aka yarje wa sayar da magungunan da ba su bukatar takardar likita. Amma uwar da ɗanta ya kwana yana susa ba ta san wannan bambanci ba. Ita dai ta ga mai farar riga, ga shi kusa da gida, ga shi yana jin Hausa, ba kuma sai ta bi layi ba.

Kwanan baya wani tsohon ɗalibinmu da ke irin wannan kwas ya kawo mana takardunsa, yana ƙorafi. Ya ce, "Malam, ni magani zan sayar, me ya haɗa ni da darasin abinci da garkuwar jiki?" Muka ce masa ya zauna, muka ba shi labarin yaron nan.

Man da aka sayar wa matar irin wanda ake cewa mai aiki uku ne. A cikinsa akwai maganin ƙwayoyin cuta dangin fumfuna, da maganin bakteriya, da kuma wani sinadari mai ƙarfi da likitoci ke kira sitiroyid, kamar su betamethasone da clobetasol. Fata katanga ce ta jiki, a bayan katangar kuma akwai masu gadi, watau garkuwar jiki. Jan da wuri ke yi, da kumburi, da ƙaiƙayi, alama ce ta cewa masu gadin sun ga ɓarawo suna kokawa da shi. Aikin sitiroyid shi ne ya sa masu gadin su yi shiru. Shi ya sa a kwana biyu ƙaiƙayi ke lafawa, uwa ta yi ta sa wa mai kanti albarka, alhali kuwa cutar ta sami sarari tana yaɗuwa a ɓoye. Har siffarta takan sauya, zoben nan da aka san makero da shi ya ɓace, ta yadda ko ma'aikacin asibiti sai ya yi da gaske kafin ya gane ta. Ba cewa muke yi sitiroyid guba ne ba. Magani ne mai amfani ga kirci da makamantansa, idan likita ya gani da idonsa ya kuma ƙayyade kwanaki. Amma in aka daɗe ana shafa shi sai fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, ƙuraje su feso a fuska, kuma jariri da aka shafa wa a ƙarƙashin ƙunzugu jikinsa kan zuƙe shi fiye da na babba.

Sa'an nan makeron kai ba ya jin man shafawa ko wane iri, domin cutar tana cikin gashi ne har saiwarsa. Sai an sha magani irin su griseofulvin na mako shida zuwa takwas, gwargwadon nauyin yaro, kuma wannan hukunci ne na asibiti. Abin da ya rage wa mai kanti shi ne ya tura, ya kuma gaya wa iyaye su kula da injin aski da mataji da hula, don ta nan yara ke gogawa juna. Mu ma malamai muna da laifinmu, tunda mukan ga yara biyar suna musayar hula ɗaya a fili mu kawar da kai.

Ƙazuwa kuwa ba sai an gaya wa mutumin Zango ita ba. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke haƙa rami a cikin fata, ya fi son tsakanin yatsu da wuyan hannu da ƙugu, ƙaiƙayinsa kuma ya fi tsanani da dare. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa riƙon sakainar kashi. A gidajenmu na haya inda mutum shida ke kwana ɗaki guda, in aka yi wa yaro ɗaya magani aka bar sauran, an yi aikin baban giwa. Mutum kan ɗauki mako huɗu zuwa shida yana ɗauke da ita kafin ya fara susa, saboda haka kowa da kowa a ɗakin zai shafa benzyl benzoate ko permethrin a rana ɗaya, a wanke tufafi da zannuwan gado da ruwan zafi a shanya a rana. Ƙaiƙayin kan ci gaba mako biyu ko fiye bayan ƙwaron ya mutu, kuma mai kantin da bai faɗi wannan ba zai ga uwar ta dawo tana neman "mai ƙarfi". Gyambon da susa ke haifarwa kuma ba abin rainawa ba ne, don ƙwayoyin cutar da ke shiga ta nan suna iya taɓa ƙodar yaro.

Yanzu sai batun abinci, wanda ɗalibin namu ya raina. A nan garin namu na Accra aka yi wani abu da duk duniya ke karantawa a littattafan likita. Wata likita haifaffiyar Jamaika mai suna Cicely Williams ta zo Gold Coast a 1929, ta yi aiki a asibitin yara na Princess Marie Louise, wanda har yau yana nan yana karɓar yara. Ta riƙa ganin ƙananan yara da kumburarrun ƙafafu, gashinsu ya yi ja ya yi laushi, fatarsu ta yi duhu tana saɓulewa kamar tsohon fenti a jikin bango. Ta rubuta bayanin cutar a 1933, ta danganta ta da cimar masara zalla bayan yaye, a 1935 kuma ta fito da sunan da Ankarawa, watau Ga, ke kiranta da shi, kwashioko, ciwon yaron da aka ture daga nono saboda ƙaninsa ya zo. Waɗansu manyan likitocin Ingila suka yi mata gardama, suka ce ai wata cuta ce da aka riga aka sani, ita kuwa ta tsaya a kan abin da idonta ya gani da abin da matan garin suka gaya mata. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne iyayen nan sun riga likitoci sanin sanadin, tunda yana cikin sunan.

Ku duba fa, da irin wannan yaro za a kawo kanti a yau, fatar za a nuna, ba cikin ba. Uwa za ta ce a ba ta man ƙuraje. Har maƙwabta kan yi murna su ce yaro ya yi ƙiba, alhali ruwa ne. Gwajin kuwa ba ya bukatar na'ura. A danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaron duka biyu, a ƙirga daƙiƙa uku, in an ɗaga wurin ya bar rami, to ranar nan za a kai shi asibiti, ba gobe ba. Haka nan yaron da ke tsakanin wata 6 da 59, in zagayen damtsensa bai kai santimita 11.5 ba, yana cikin haɗari. Yunwa na raunana garkuwar jiki, ƙyanda da gudawa su sami ƙofa, su kuma su ƙara rame yaron, haka abin ke ta zagayawa. A ƙasar nan tamu ma aka tabbatar da wani sashe na wannan. Binciken da aka yi a yankin Navrongo, wanda aka buga a 1993, ya nuna ba yara bitamin A ya rage mutuwarsu da kashi 19 cikin ɗari. Ɗigon nan da ake matsa wa yara a baki wurin awo duk wata shida, shi ne.

Mun san halin da aljihu ke ciki, ba kuma za mu ce a sayi madarar gwangwani ko kwalaben ƙarin jini masu tsada ba. Nono zalla har wata shida, daga nan a ci gaba da shi tare da abinci. Koko tsurarsa ruwa ne da tsaki, amma in aka zuba masa garin gyaɗa ko waken suya ko dakakken busasshen kifi ya zama abin kirki. Wake da ƙosai da ƙwai da wagashi da miyar ayoyo ko kontomire da ɗan manja duk suna nan a kasuwar Nima. Kuɗin kwalayen nan uku da matar ta saya da sun ciyar da yaron ƙwai na kwanaki.

Manya ma fatarsu na magana. Mai yawan maruru, ko mikin ƙafa da ya ƙi warkewa, ko ƙaiƙayin matse-matsi da ke tafiya yana dawowa, ya kamata a ce masa ya je a auna sukarinsa. Ƙurajen nan masu raɗaɗi da ke fitowa gefe ɗaya na jiki kamar ɗamara, waɗanda a nan ake kira ananse, in sun fito wa matashi, dalili ne na zuwa a duba jini, kuma mai kanti ya faɗi haka a asirce, ba gaban layi ba. Batun bilicin kuwa sai wani watan, illa dai mu tuna cewa a 2016 hukumar FDA ta Ghana ta ba da sanarwar hana mayukan kwalliya masu hydroquinone, kuma sitiroyid ɗin nan da muka ambata shi ne waɗansu 'yan'uwanmu mata ke shafawa don su yi fari.

Ɗalibin namu ya ce, "To Malam, in na ƙi sayarwa, ai za ta wuce kanti na gaba, maigida kuma ya ce na kori ciniki." Gaskiyarsa, kuma ba mu da amsar da za ta biya masa kuɗin haya. Abin da muka roƙe shi kawai shi ne kafin hannunsa ya kai kan kanta ya tambayi tun yaushe abin ya fara, wa da wa ke susa a gidan, me aka riga aka shafa, me yaron ke ci, kana ya ce a kawo yaron ya gani, kada ya sayar a kan kwatance. Asibitin Maamobi ba shi da nisa, mai katin inshorar lafiya kuma ba zai kashe abin da yake tsoro ba.

Shi kuwa yaronmu ɗan aji huɗu, an kai shi asibiti an ɗora shi kan magani na sha, an kuma ce a daina shafa man. Makon farko wurin ya ƙara yin ja, uwar ta zo hankali a tashe, muka roƙe ta ta daure ta koma ta nuna musu. Yanzu gashi ya fara tsirowa, sai wani ɗan fili bayan kunne da har yanzu muke dubawa duk Litinin.