Marayun Daji na Limbe da Hanyar da Ta Ratsa Duwala

Cibiyar Kula da Namun Daji ta Limbe tana gindin Dutsen Kamaru, kimanin kilomita 70 daga Duwala. Wanda ya tashi daga unguwar New Bell a Duwala, ya haye gadar Wuri, ya bi ta Bonaberi da Tiko da Mutengene, zai iske ta a cikin garin Limbe, kusa da tsohon lambun itatuwa da Jamusawa suka dasa a 1892. An kafa ta a 1993 a harabar tsohon gidan zu na garin, da haɗin gwiwar gwamnatin Kamaru da gidauniyar Pandrillus, wadda Liza Gadsby da Peter Jenkins suka fara a Kalaba. Cibiyar ba ta sayen dabba, ba ta kuma sayarwa. Goggon birin da ake kira gorila, da cimfanzi, da birin diril, da aku, da kada, galibinsu an ƙwato su ne daga hannun mafarauta da 'yan fasa-ƙwauri, ko kuwa wani ya gaji da kiwo ya miƙa.

Kafin a fahimci aikin da ake yi a can, sai an san yadda jaririn biri ke zama maraya. Uwar cimfanzi ko gorila ba ta sakin ɗanta muddin tana numfashi. Saboda haka duk jaririn da aka gani a kwali ko ɗaure da igiya a bayan gida, an kashe uwarsa, sau da yawa har da manyan garken da suka tsaya kare ta. Naman manyan ya tafi kasuwa a ƙyafe, jaririn kuwa da yake ba shi da tsokar kirki sai a sayar da shi da rai. Yakan iso cibiyar a rame, jikinsa ba ruwa, igiya ta ci ƙugunsa, wani lokacin da ɓarɓashin harsashin da ya kashe uwar a ƙarƙashin fatarsa.

Matakin farko shi ne killacewa ta kimanin wata uku. Likitan dabbobi yana ɗibar jini da kashi, yana gwajin tarin fuka, yana maganin tsutsar ciki. Dalili shi ne manyan birai suna ɗaukar cututtukan mutum, mura ma tana iya kwantar da su, kuma dabba ɗaya mai tarin fuka ta isa ta hallaka garke. A wannan lokaci ne ake ba jaririn mai reno. A daji ɗan cimfanzi yana shan nono shekara huɗu zuwa biyar, yana kwana manne da uwarsa, don haka mai renon yakan ɗauke shi a ƙirji ko ya goya shi, ya ba shi madara a bulumboti dare da rana, ya kwana kusa da shi. Jaririn gorila ya fi wuyar sha'ani. Idan baƙin ciki ya kama shi yakan ƙi cin abinci har ya mutu, ko da babu wata cuta a jikinsa. Masu wannan aiki galibinsu 'yan Kamaru ne, wasunsu sun shafe shekaru masu yawa da garke ɗaya, sun san kowace dabba da sunanta da halinta, kuma ba a cika ambatonsu ba idan ana yabon cibiyar. Sun cancanci a ambace su.

Ranar aiki tana farawa da sassafe da dubawa: wa ya ci jiya, wa ke tari, wa aka ciza da dare. Daga nan sai wanke ɗakunan kwana, da duba wayar lantarki da ta kewaye filaye kafin a saki dabbobin, domin cimfanzi yana lura, ya san ranar da waya ta mutu. Sai yankan abinci, ayaba da gwanda da rake da ganyaye. Akwai wani tsiro ɗan uwan citta mai 'ya'ya da gorila ke ci a daji, kuma cibiyar tana sayensa daga mutanen ƙauyen Batoke waɗanda a da farauta ce sana'arsu. Wannan dabara ta yi kyau, domin mafaraucin da ya sami abin sa wa a baki daga ganye ya rage dalilin ɗaukar bindiga. Ana warwatsa abincin a ciyawa ko a ɓoye shi, don dabbar ta yi kiwo da kanta kamar yadda za ta yi a daji.

Mafi wuya shi ne haɗa maraya da 'yan uwansa. Birin da ya girma a tsakar gida yana cin tuwo da mutane bai san yaren birai ba, bai san gaisuwa ba, bai san yadda ake rusuna wa babba ba. Ana fara nuna masa ɗaya ta bayan raga, sannan biyu, kuma aikin yakan ci watanni. Ko ya yi nasara, komawa daji ba ta da sauƙi, saboda dajin da babu mafarauci ya yi ƙaranci, kuma dabbar da ta saba da mutum ba ta gudunsa. Cimfanzi yana iya kai shekara 50. Wanda ya sayi jariri yau ya ɗora wa wasu ɗawainiyar rabin ƙarni.

A nan ne maganar ta shafi Duwala kai tsaye, domin tashar jiragen ruwa da filin jirgin sama na birnin su ne ƙofar fitar da wannan haja. A ƙarshen 2007 an kama aku sama da 1,200 a filin jirgin Duwala, aka kai su Limbe. Da danƙo ake kama aku a reshe, sannan a datse masa fuka-fukai a cusa shi a akwati, kuma da yawa suna mutuwa a hanya. Wanda ya tsira sai ya jira sabon gashi ya fito, abin da kan ɗauki watanni masu yawa, ya koyi tashi a dogon keji, kafin a sake shi. A taron yarjejeniyar CITES na 2016 a Johannesburg an haramta cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, tare da na ɗankunya, wanda ake kashewa don ɓawonsa.

Hanyar ta taɓa ƙasar Hausa ma. A 2003 an mayar da gorila biyu, Brighter da Twiggy, daga Kano zuwa Limbe bayan sun yi shekaru a hannun wani ɗan kasuwa. Wasu huɗu kuma an fitar da su ta gidan zu na Ibadan zuwa Taiping a Maleshiya a 2002 da takardun bogi, sai a 2007 suka dawo Kamaru bayan sun yi zango a Afirka ta Kudu. Babu gorila a dajin Kano. Sai da Brighter da Twiggy suka bi ta hannun direba da dillali da mai masauki kafin su isa can.

Mutanen New Bell sun san irin wannan hanya fiye da kowa. Tun zamanin Jamusawa Hausawa ke zaune a unguwar, suna fataucin goro da shanu da tufafi, kuma motocin da ke zuwa arewa da Najeriya suna lodi ta hannun mutanen da suka san juna. Mafi yawansu ba su taɓa taɓa wannan haja ba, naman biri ma ba abincinsu ba ne. Amma akwai mai sayen aku don ya riƙa kwaikwayon sallama a zaure, akwai mai neman jan gashin wutsiyarsa ko fatar damisa don haɗa magani, akwai kuma direban da ake ba kwali a ce kada ya buɗe. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Har mai sayen jaririn biri don tausayi yana cikin lissafin, domin kuɗin da ya biya su ne ke mayar da mafarauci daji ya nemo wani. Malaman unguwa suna da abin faɗa a nan, tunda ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci sahabbai su mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da suka ɗauke.

Doka ma ba ta wasa. Dokar gandun daji ta Kamaru ta 1994 ta tanadi ɗaurin shekara ɗaya zuwa uku ga wanda aka kama da dabbar da ke rukunin farko na kariya, mai rai ko wani sashe na jikinta. Sabuwar dokar Yulin 2024 ta kai hukuncin har shekara 20. Ƙungiyar LAGA, wadda Ofir Drori ya kafa, tana aiki da ma'aikatar gandun daji tun 2003 wajen kama dillalai da bin shari'arsu, kuma kurkukun da ake kai waɗanda aka kama a Duwala yana cikin New Bell ɗin.

Cibiyar Limbe ba ita kaɗai ba ce. Akwai cibiyar Mefou kusa da Yawunde, akwai ta Sanaga-Yong da likitar dabbobi Sheri Speede ta kafa a 1999. Dukkansu da gudummawa suke tafiya, kuma rikicin yankunan masu magana da Ingilishi tun 2016, da annobar korona a 2020, sun rage wa Limbe masu ziyara da kuɗin ƙofa, alhali bakunan da ake ciyarwa ba su ragu ba. Wanda ke da irin wannan dabba a gida, ko ya ga ana tallarta, abin da ya kamata shi ne ya sanar da ofishin ma'aikatar gandun daji da ke Duwala, kada ya saya, kada kuma ya sake ta a bayan gari, domin dabbar da ta girma a keji ba ta iya ciyar da kanta. Makarantun Islamiyya da na boko na unguwar kuwa suna iya kai ɗalibai Limbe su dawo a yini guda, kuma cibiyar tana karɓar 'yan makaranta tana yi musu bayani.