Kwalbati Mafi Rauni Shi Ke Yanke Lodi

Direban da ya ɗauko albasa daga Aliero ya san ƙarfin motarsa ba shi ke yanke yawan lodi ba. Kwalbatin da ya fi rauni a hanyar shi ke yanke shi. Wasu masu haɗa intanet a ofisoshi da shaguna, daga Jega har Giwa Tazo, har yau ba su riƙe wannan darasi ba.

Bayanai a ƙunshi-ƙunshi suke tafiya, kuma kowace hanyar sadarwa tana da iyakar girman ƙunshin da za ta ɗauka, wato MTU. Token Ring, wanda IBM ya fitar a 1985, yana ɗaukar bayit 4,464 a gudun megabit 4, da 17,914 a gudun megabit 16. Ethernet kuwa 1,500 ne iyakarsa. Injiniyan da ya ɗaga lambar zuwa ƙololuwa ya sha mamaki: da zarar ƙunshin ya iso layin Ethernet, sai a daddatsa shi ko a jefar da shi.

Token Ring ya shuɗe, amma kuskuren yana nan. Layin PPPoE 1,492 yake ɗauka, VPN kuma yana ƙara rage wannan. Tun 1990 akwai maganin matsalar: na'urar da ƙunshi ya fi ƙarfinta tana mayar da saƙon ICMP cewa a rage. Sai ga mai kula da na'urori ya toshe ICMP gaba ɗaya da sunan tsaro. Ƙaramin shafi ya buɗe, amma ɗalibin da ke loda takardun rajista ya wuni yana jira, ana ta zagin sabis.

Masu kare babban ƙunshi suna cewa yana rage ɓarnar layi. Gaskiya ne, muddin bayanan ba za su fita daga gini ɗaya ba. Amma wa ya sayi intanet don ya yi magana da ɗakin da ke kusa?

Awon minti biyu ne. A aika ping mai bayit 1,472 tare da hana daddatsawa. Da bayit 28 na kan ƙunshi, ya cika 1,500. Idan bai wuce ba, a riƙa ragewa har ya wuce, a ƙara 28 a kan wannan lambar a saita ta, a kuma buɗe wa saƙon ICMP ƙofa. Wanda ya karɓi kuɗin aiki bai yi wannan awon ba, bai gama aikinsa ba.